Aski Ga Baƙuwar Ɗakina

Bahaushe bai saba shuka abu don kallo kawai ba. In zogale ne don kwaɗo, in lalle ne don biki, in darbejiya ce don inuwa. Shi ya sa wasu 'yan'uwana ɗalibai ke ganin ɓarnar ruwa nake yi a kan kalatiyar da nake reno a ɗakina.

Ita dai wannan shuka baƙuwa ce. Asalinta dazuzzukan Amurka ta Kudu, musamman ƙasar Burazil, inda take tsirowa cikin laima a ƙarƙashin manyan itatuwa. Danginsu ɗaya da ganyen nan da mutanen Kudu ke naɗe alala da shi. A 2012 masana suka mayar da yawancin ire-irenta cikin rukunin Goeppertia, amma masu sayar da furanni ba su saki tsohon sunan ba. Abin da ya ja ni gare ta kuwa, da magariba sai ta ɗaga ganyayenta sama kamar mai roƙon Allah, gari na wayewa ta shimfiɗa su.

Da damina takan yi ta toho ba ƙaƙƙautawa har tukunya ta cika. To, a nan aski ke zama tilas. Ba ta da rassa irin na itace. Ganyayen daga saiwa suke tasowa, saiwa mai kama da ta citta. Saboda haka nakan goge almakashi tas, in bi ganyen da ya yi rawaya har gindinsa, in datse. Ba na cire fiye da kashi 1 cikin 3 a lokaci guda, don da ganyen take samun abinci. In cunkoso ya yi yawa, sai in raba saiwar biyu, in dasa rabi a wata tukunya.

Babban abokin gabarta shi ne hunturu, wanda ke busar da bakin ganyen. Nakan nisanta ta daga taga, in ɗora tukunyar a kan faranti mai tsakuwa da ruwa. Ruwan sama nake tara mata a jarka, domin ba ta jure na famfo sosai.

Wahala ce lalle, amma ni ma baƙo ne a garin nan, na kuwa san yadda baƙo ke ji in ya rasa mai tambayar yadda ya kwana. Allah ya nuna mana damina lafiya, ni da ita.