Daga Damagaram zuwa Mai Wurno: neman asalin mahaifina



Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya rasu a shekarar 2016, kuma duk tsawon rayuwarsa mutanen unguwar Zango ta Damagaram suna kiransa Ɗan Gabas. Dalili kuwa shi ne kakana Malam ya fita aikin hajji a ƙasa tare da matarsa su biyu, bayan shekara goma sha biyu suka komo su uku. Takardar shaidar haihuwa da alƙali ya yi wa yaron daga baya ba ta ce komai ba sai « né vers 1950 », kamar yadda aka rubuta wa dubban iyayenmu. Ba wanda ya taɓa tayar da zance sai ranar da muka zauna rabon tsohon gidan Malam. A nan wani ɗan baffana ya ce, cikin ladabi amma a gaban kowa, shi dai ya ji daga bakin uwarsa cewa Baba ɗan riƙo ne da aka ɗauko a hanya. Maganar ta yi mini ciwo, amma abin da ya hana ni barci daban ne: in gaskiya ya faɗa, to, kason da ke hannunmu haƙƙin wasu ne, domin riƙo ba ya sa gado.

A farkon 2018 na shiga jirgin sama daga Kano zuwa Hartum. Sa'o'i kaɗan suka ishe ni tafiyar da ta ci wa su Malam shekaru. Su da jaki suka bi ta Barno zuwa Fort-Lamy, wadda ta koma Njamena a 1973, sa'an nan Abeshe, Adire, Jinena, Fashir, har Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa. Inda guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma ko ɗinki ko karantarwa, damina ɗaya ko biyu, a sake ɗaura kaya. A kan wannan hanya aka yi aure, aka haihu, aka binne mutane da yawa ba tare da an rubuta ko harafi ba.

Daga Hartum mota ta bi da ni kudu ta Madani, cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Jazira. Ba dutse, ba tudu, sai magudanan ruwa miƙaƙƙu kamar an ja su da zare. Tun da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 gonakin auduga na wannan yanki suke neman hannu, alhazanmu kuma suna neman kuɗin ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. A gefen gonakin har lokacin akwai ƙananan rugagen ƴan ƙodago da ake kira kambo, a ɗaya daga cikin irinsu kuwa Malam ya zauna kafin ya koma gari.

Mai Wurno tana kudu da Sinnar kaɗan, a bakin Shuɗin Nilu. Ta ɗauki sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda Turawan Ingila suka kashe a Burmi a 1903. Shi ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas har suka sauka nan. A kasuwa za ka ji Fillanci da Larabci da Hausa suna cuɗanya a baki ɗaya, Hausar kuwa tsohuwa ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun kakata tana raye. Da yamma ƙamshin agashe ya cika bakin hanya, wato tsiren da mutanenmu suka kai ƙasar har Larabawa suka riƙe shi. Ni dai a ganina bai kai na gida yaji ba.

Liman ɗin wani masallaci ne ya sauke ni, bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba sai a kwana na uku. Da na faɗa masa, ya aika a bincika wa ya san wani malami Badamagare mai koyar da yara a shekarun 1950. Mutum biyu aka samu.

Ta farko tsohuwa ce mai kusan shekara tamanin. Na same ta zaune a kan angarib, gadon igiya na ƙasar, tana dakan gahawa. Na durƙusa na gaishe ta, ta dube ni ta ce, « Ɗana, kai ne jikan mai jan jaki? » Ban taɓa jin labarin launin jakin ba, amma ta faɗi sunan kakata daidai, har da zanen da ke kumatunta. Ta ce a kambonsu mata biyu suka haihu a damina ɗaya, kakata da wata Bagobira. Zazzaɓi ya shigo, ya ɗauki jariri ɗaya da uwa ɗaya. Uwar da ta rage ta ɗauki jaririn da ya rage ta ba shi nono. Mijin Bagobirar ya wuce Sawakin, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na ce, « Inna, to ɗan wa ya rasu? » Ta ce na kakata. Ta yi shiru, sa'an nan ta ƙara da cewa, « Haka dai na ji manya suna faɗi. Ni lokacin tallan gyaɗa nake yi. »

Na biyu dattijo ne makaho wanda ya yi allo a gaban Malam. Shi ya ce sam. Ya halarci suna, ya ga Malam ya yanka rago, kuma ɗan Bagobirar ne ya bi uwarsa bayan kwana arba'in, da hannunsa ya taya haƙa ɗan kabarin. Na tambaye shi ko zai iya nuna mini wurin. Ya yi dariya ya ce an noma wurin ya fi sau sittin.

Na koma wurin liman da labari biyu. Ya ce mini, a abin da ya karanta na mazhabar Malikiyya, mutumin da ya ce yaro ɗansa ne, shekaru suka yarda, ba wani uban da aka sani, ya kuma mutu a kan haka, ba a rushe nasabar da jita-jita ko da abin da yarinya ta tsinta a bakin manya. Kason halal ne. Ya kuma ce ko ta wace fuska aka duba, nonon kakata Baba ya sha. Na karɓi fatawar, ko da yake zuciyata ta fi karkata ga tsohuwar, saboda yadda ta yi shiru kafin ta ƙarasa maganarta.

Da na komo na tara dangi na faɗa musu duka biyun, ban rage ba. Wani matashi ya kawo shawarar gwajin jini na zamani tsakanina da ɗan baffana. Ɗan baffan da kansa ya ƙi, ya ce shi ba zai kai Malam gaban likita ba. Aka raba gidan yadda yake, ni kuma na bar ɗakin soro a hannun kowa, na sa sunan Bagobirar da ban sani ba cikin waɗanda nake yi wa sadaka ranar Juma'a.

Muna gaisawa da liman ta waya duk Salla har yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, ya kai jihar Sinnar a 2024. Saƙonsa na ƙarshe ya ce tsohuwar ta rasu, makahon kuma jikokinsa sun ɗauke shi sun yi gabas. Tun daga nan lambar ba ta shiga.