Kada ki binne kyamara cikin shinkafa

A Diggi, kamar sauran garuruwan Kalgo, shinkafa ba ta yankewa a gida. Shi ya sa da ruwa ya taɓa kyamara ko waya sai a cusa ta cikin buhu. 'Yar'uwa, ki daina. Shinkafa ba ta janyo ruwan da ya shige ciki, garinta ma ƙara toshe ƙofofi yake yi.

A aikinmu na jinya ba ma barin jiƙaƙƙen bandeji a kan ciwo, don mun san abin da laima ke haifarwa. Kyamara ma haka take: laimar damina kan sa fumfuna ta yi zare-zare a gilashinta har ta ci shi. In ta jiƙe, kada ki kunna. Cire batir da memori, ki bar ta buɗe a inuwa mai iska. Bayan nan ki rufe ta a roba tare da 'yan ƙunshin busarwa da ke zuwa cikin kwalbar magani, nesa da yara.

Baƙin ɗigon da ke fitowa wuri guda a kowane hoto kuwa, ƙurar hunturu ce a kan sensa, idon da ke ciki. Kada ki hura da baki, kada ki goge da bakin zani. Kai wa mai gyara a Birnin Kebbi.

Kafin nan, kwafe hotunan. Wataƙila hoton marigayiya Inna guda ɗaya ke gare ku.