Taku Uku Baya

Duk lokacin da na kusanci kakata da waya don in ɗauke ta hoto, sai hancinta ya kumbura, kunnuwanta su ja baya, ta ce, "Maigidana, wannan ba ni ba ce." Gaskiyarta. Tazara ce ke sauya fuska: abin da ya fi kusa da kyamara shi ke fin girma.

Gilashin kyamara mai milimita 85 ya tilasta mini ja da baya taku uku. Daga nisan mita 2 fuskarta ta daidaita. Na buɗe shi zuwa f/2, garun bayanta ya dushe. Ta kuma saki jiki, domin ban tsaya mata a ka ba.

Da gilashin nan na hau Dutsen Dala cikin hunturu. Faɗin ganinsa digiri 24 ne kacal, ba ya ɗauke Kano dukkanta, tilas mutum ya zaɓa. Na zaɓi Goron Dutse. Rufin gidaje suka jeru gabansa a matse, hazo yana rarrabe su.

Kakata ta rasu da damina. Cikin hotunanta duka, wancan kaɗai 'ya'yanta suka nemi in wanko musu.