Ɗakin da Muka Yi wa Ado a Sabon Birni

Garinmu wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Isa, kusa da gulbi. A ƙofar gidanmu akwai wani babban gawo. Kun dai san halin gawo. Da damina, sa'ad da sauran itatuwa suke kore shar, shi sai ya kaɗe ganyensa. Da rani kuwa, in kowane itace ya bushe, sai shi ya tofo. A gindin wannan gawo tsofaffi suke dara, mu kuma a nan muke wasa.

A cikin shekarar 2021 zama ya gagare mu. 'Yan bindiga suka dami ƙasar Isa da ta Sabon Birni, suna kore dabbobi, suna hana mutane zuwa gona. Tun daga 2019 dubban mutane suke ta barin ƙauyukansu. Waɗansu suka ƙetare iyaka zuwa ƙasar Maraɗi, waɗansu suka shiga manyan garuruwa. Mu ma wata rana da asuba muka ɗaure 'yan kayanmu, muka kama hanyar Sabon Birni, inda kawunmu yake. A lokacin nan shekarata 14. Baba ya raka mu, sa'an nan ya wuce Sakkwato neman abin da za mu ci.

Kawu ya karɓe mu hannu biyu, amma gidansa ya riga ya cika da baƙi. Inna da Kaka da ƙanwata suka sami wuri wajen matan gida. Ni da ƙannena maza biyu aka ba mu wani tsohon ɗakin soro inda a dā ake ajiye harawa. Bangonsa ya yi baƙi ƙirin, ya tsattsage, ƙasansa duk rami. Kowa ya shiga sai ya ƙosa ya fita.

Mu manya muka haƙura. Amma Autanmu, wanda bai wuce shekara 6 ba, sai ya canja. A gida ba wanda ya kai shi surutu. A nan kuwa ya daina wasa, ya daina magana, sai in an tambaye shi ya ɗaga kai ko ya girgiza. Da dare yakan farka yana kuka. Inna ta yi rarrashi har ta gaji.

Da ruwa ya ɗauke, wata rana Kaka ta leƙa ɗakin nan, ta daɗe tana dubawa. Sa'an nan ta ce, "Gobe za mu gyara ɗakin ɗiyan nan, mu yi masa ado."

Inna ta ce, "Haba, wane irin ado kuma? Mu da muka zo fakewa, yau ko gobe mu koma?"

Kaka ta ce, "Ɗiyata, ke kin san ranar komawa? Ko kwana guda yaro zai yi a wuri, ya kamata ya buɗe ido ya ga abin da zai faranta masa rai. Mu Gobirawa ba yau muka fara ƙaura ba. Shi kansa garin nan, don me aka ce da shi Sabon Birni?"

Gaskiya Kaka ta faɗa, gama na koyi haka a makaranta. Gobirawa daga wajen Azbin suka gangaro, suka zauna a Birnin Lalle, daga baya suka kafa Alƙalawa, wadda kufanta yake nan cikin ƙasar Sabon Birni. Alƙalawa ta faɗi a 1808, zamanin Jihadi. Waɗansu Gobirawa suka tafi suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi a 1836. Bayan wannan kuma wani ɗan sarautarsu, Ɗan Halima, ya baro Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Duk inda suka sauka ba su zauna jugum ba, sai da suka mai da wurin gida.

Da yake ɗakin ba namu ba ne, na je na durƙusa gaban Kawu na nemi izini. Ya ce, "Ku yi, Allah ya yi muku albarka. Abu guda na hana. Kada ku zana mini mutum ko dabba a bango, ba na so." Na ce, "To, Kawu."

Ba a fara ado sai an yi tsabta. Muka fid da kome waje, muka share yanar gizo, muka toshe ramukan ɓera. Muka kwaɓa ƙasa da ciyawa, muka yaɓe duk inda ya tsage. Sa'an nan aka zo ga daɓe. Aka zuba tsakuwar marmara, matan gida suka zo da madaɓai suna bugawa suna waƙa, Kaka tana yayyafa ruwan makuba. Makuba kuwa, in ba ku sani ba, ɓawon 'ya'yan ɗorawa ne ake jiƙawa. Ruwansa ja-ja ne, yana sa daɓe ya yi ƙarfi, ya yi santsi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da ba domin matan nan ba, da mun yi mako muna fama.

Bayan wannan muka jiƙa farar ƙasa, muka shafe bangon da tsumma har sau biyu. Da ya bushe, sai ɗakin ya yi haske kamar an ƙara masa taga.

Launi huɗu muka tanada, ba wanda ya ci mana kuɗi mai yawa. Fari daga farar ƙasa, ja daga jar ƙasa, baƙi daga dakakken gawayi, shuɗi kuwa daga bular wanki. Kaka ta aike ni kasuwa na sayo ƙaro, ta jiƙa, ta ce a zuba kaɗan cikin kowane launi domin ya kama bango. Abin zane kuwa kaba muka daddaka wa baki har ta yi gashi-gashi.

To, sai gardama ta tashi a kan abin da za a zana. Ƙanena mai bi na ya ce shi manyan motoci yake so da ƙwallo. Ƙanwata ta ce a yi jere irin na ɗakin amarya. Ni kuwa na taɓa ganin hotunan gidajen Zariya da Kano da Damagaram, masu zanen dagi da zobba a fuskar zaure, na ce irinsu za mu yi. Kaka ta ce, "Ɗaki guda, magana guda. In kun tara masa kome da kome, zai zama kasuwa. Ku zaɓi abu ɗaya, sauran ado duka su bi shi."

Muna cikin wannan musu, ba mu lura da Auta ba. Ashe ya ɗauki guntun gawayi ya tafi jikin bangon gabas. Ko da na waiwaya, sai na ga ya ɓata mana farin bangon nan da muka sha wuya a kansa. Na yunƙura zan kwaɗe shi, Kaka ta riƙe hannuna, ta ce, "Tsaya ka gani." Ya ja layi biyu a tsaye, ya yi musu rassa, ba ganye ko ɗaya. A gefe ya zana 'yar ƙofa. Duk muka yi tsit, gama kowa ya gane. Gawon ƙofar gidanmu ne, kamar yadda muka bar shi da damina.

Nan gardama ta ƙare. Muka ce garinmu za mu zana.

Bangon gabas muka bar wa gawo. Ban gyara zanen Auta ba, na dai bi sawunsa da baƙin launi domin kada ya goge. Kusa da shi muka zana gidanmu da rumbuna uku da turmi da rijiya. A bangon arewa muka ja gulbi da shuɗi, muka sa kwalekwale, muka yi fadama da fangalin albasa. Har na nuna inda Bunsuru da Gagare suke haɗuwa su zama Rima, wadda ta biyo ta Sabon Birni, ta wuce Goronyo da Wurno, ta nufi Sakkwato. Ta haka ƙannena suka gane ruwan da suke gani a nan, har da wanda ya biyo ta wajen gida a ciki.

A nan ne na yi wauta. Garin sauri na manta ban zuba ƙaro cikin shuɗin ba. Kashegari ƙanena ya jingina da bango, ya tashi da gulbi a bayan rigarsa. Aka yi ta yi mini dariya. Dole na kankare, na sake sabon aiki. Tun daga ran nan na san gaggawa ba ta gyara aiki.

Akwai sauran abu guda. Auta yana da wata jar akuya wadda aka kore tare da dabbobin garinmu. Ya yi ta nuna gindin gawo da yatsa, muka san ita yake so. Ga shi kuwa mun yi wa Kawu alkawari. Ƙanwata ce ta samo dabara. Ta tsoma yatsunta biyu cikin jar ƙasa, ta riƙa dangwalawa a bango, tun daga ƙofar gida har bakin gulbi. Sai ga sawun akuya sak, kamar yanzu ta wuce shan ruwa. Da Kawu ya zo ya gani, ya yi murmushi, ya ce, "Lalle kun cika alkawari."

Can sama kusa da azara muka shafa baƙi-baƙi, muka ɗiga taurari da farar ƙasa. Kaka ta nuna mana inda za mu sa Kaza da 'Ya'yanta, da jinjirin wata, da Zara kusa da shi. Ta ce, "Waɗannan dai ba a baro su a gida ba. Duk inda kuka je suna bisa kanku."

Ita ma ƙanwata ba ta rasa rabonta ba. A bangon yamma ta rataye faya-fayai uku masu launi waɗanda ta saƙa, da 'yan ƙorai biyu masu sassaƙa. Ƙanena kuma ya ƙera mota da kara, ya ajiye ta a kan hanyar da muka zana, ya ce ita za ta mai da mu gida. Muka gina wani ɗan dakali a lungu, inda kowa zai ajiye allonsa da littattafansa da kayan wasansa.

Wurin wasa kuwa a rumfar ƙofar ɗaki muka yi shi. Tun ranar daɓe, kafin ƙasa ta bushe, na danna gurabun dara 30, watau layi 5, kowane layi gurbi 6. Mutum biyu suke yi, kowa da 'ya'ya 12. Ɗaya ya ɗauki tsakuwa, ɗaya ya ɗauki guntayen kara. Da fari a riƙa sawa bi da bi har su ƙare. Sa'an nan a fara gusawa gurbi ɗaya-ɗaya. Wanda ya jera uku a layi ya ci ɗa guda na abokin wasansa. Gefe guda kuma muka bar wa 'yan mata fili mai santsi domin carabke. Da dare a shimfiɗa tabarma a wurin, Kaka ta ba mu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.

Muka kafa dokoki uku. Kowa ya gama wasa ya mai da kaya inda ya ɗauka. Ba a kai wuta kusa da kara ko tabarma. Ba a kawo kwalba ko gwangwani mai kaifi, saboda ƙanana.

Kafin mako ya zagayo labari ya bazu cikin unguwa. Yara suka riƙa zuwa kallo, da 'yan gari da 'yan gudun hijira irinmu. Wata rana wani yaro ya tsaya gaban bangon gabas, ya ce, "Wannan wane irin itace ne ba ganye? Ya mutu ne?"

Sai muka ji wata 'yar murya ta ce, "Bai mutu ba. Gawo ne. Da rani zai tofo."

Auta ne. Inna tana bakin ƙofa da tulu a kai. Ta sauke shi a hankali, ta zauna, ta rufe fuska da gyale. Shi kuwa ya ci gaba, yana nuna wa yaron rumbu da rijiya da inda akuyarsa ta bi. Ba zan ce a ran nan ya warke sarai ba. Ya ƙara farkawa da dare sau da yawa. Amma in ya farka, sai in haska masa taurarin nan da tocila, mu ƙirga su tare har barci ya ɗauke shi. Da rani ya yi, shi da kansa ya nemi ɗanyen ganye, ya murje shi, ya ɗiɗɗiga wa gawonsa.

Yara, in kuna so ku yi wa ɗakinku ado, ba sai kuna da kuɗi ba. Ku nemi izinin manya tukuna. Ku share, ku gyara, sa'an nan ku zaɓi magana guda wadda kuke ƙauna, ko gulbi, ko kasuwa, ko gona, ko sararin sama. Ku bar kowa ya sa hannu, har ƙaramin cikinku. In kuwa akwai baƙon yaro a unguwarku wanda ya baro garinsu, ku kira shi, ku miƙa masa gawayi, ku tambaye shi abin da yake a ƙofar gidansu.

Tambayoyi

1. Wane hali ne gawo yake da shi wanda sauran itatuwa ba su da shi?
2. Da me ake yin makuba, kuma mene ne amfaninta?
3. Me ya sa Kaka ta ce, "Ɗaki guda, magana guda"?
4. Yaya aka nuna akuyar Auta ba tare da an karya alkawari ba?
5. Gurabun dara nawa ne, kuma 'ya'ya nawa kowa yake riƙewa?
6. In an ba ka bango ka yi masa ado, me za ka zana? Rubuta layi biyar.