Daren Hira da Fim Ɗin Ban Tsoro: Wa Ake Mayarwa Dodo?



A nan ƙasarmu ta Kafur, da zarar an kwashe masara da waken suya, an tsince auduga an kai Funtuwa, to lokacin bukukuwa ya kama. A lokacin ne za ki ga ƙawaye sun haɗu a ɗakin amarya bayan sallar isha'i, ga soyayyar gyaɗa ga zoɓo, sai wata ta ce a sa mana na ban tsoro. Wannan ba sabon abu ba ne, domin kakanninmu ma da dare suke ba mu tatsuniyar Dodo, muna ƙanƙame da juna muna roƙon a ƙara. Bambancin kawai shi ne, da kunne ke ji, yanzu ido ke gani, kuma abin da ido ya gani ya fi daɗewa a zuciya.

Ɗalibaina na ajin matan aure sukan tambaye ni hukuncin irin wannan kallo. Fatawa dai ta manyan malamai ce. Abin da ni na lura da shi, wanda nake so mu duba tare, shi ne kusan duk waɗannan finafinai mace ce abin tsoron. A fim ɗin Indiya Nagin na 1976, macijiya ce ta rikiɗe mace tana bin maza da kisa don ɗaukar fansar mijinta. A na Kudu, Nneka the Pretty Serpent na 1994, kyakkyawar budurwa ce ke halaka magidanta. A namu na Hausa kuwa, in ba kishiya ce durƙushe gaban boka ba, to tsohuwa ce mai jajayen idanu da ta kama kurwar jariri.

Da a ce abin yana tsayawa a cikin akwatin talabijin, da da sauƙi. Na san wata dattijuwa mai tuyar ƙosai, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata. Yaron maƙwabta ya yi zazzaɓi mai zafi, cikin sambatu ya ambaci sunanta. Shi ke nan, aka ce mayya ce, sai ta zo ta tsallake shi. Yaro ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro ya miƙe, amma har yau ƙosanta kwantai yake yi, yara kuma in sun hango ta sai su watse. Ba fim ne ya ƙirƙiro zargin maita ba, amma shi ke zana wa 'ya'yanmu kamannin mayya, kuma kullum kamannin talakar tsohuwa ce marar gata. Kin taɓa jin an kira matar mai kuɗi mayya a gaban idonta?

Haka ma marasa lafiya. Mun yi imani da samuwar aljanu, sura ta 72 a Alƙur'ani ma sunansu take ɗauke da shi, kuma ruƙiyya ta shari'a gaskiya ce. Sai dai ba kowace faɗuwa ce ta iska ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace. Akwai kuma rikicewar tunani da kan samu mace ɗaya ko biyu cikin kowace 1,000 bayan haihuwa, ta daina barci, ta riƙa surutai, wani lokaci ta ƙi jaririnta. Irin wannan maijego, a yi mata addu'a a kuma gaggauta kai ta asibiti. Ga babban asibitin Malumfashi kusa da mu, ga na Shika a Zariya, ga na masu lalurar ƙwaƙwalwa a Barnawa, Kaduna.

Saboda haka idan ƙawaye suka ce in zaɓa, nakan zaɓi wanda zai bar mu da abin tattaunawa bayan tsoron ya wuce. Na farko shi ne Bhool Bhulaiyaa na 2007, inda Vidya Balan ta fito a matsayin amaryar da dangin miji suka ɗauka fatalwar gidan ce ke damunsu, har likitan ƙwaƙwalwa ya gano ciwo ne a tattare da ita, aka yi mata magani. Na biyu Nagina na 1986. Sridevi ce matar, surukarta ta ɗauko mai busar macizai don ya raba ta da ɗanta, ashe matar ce ke kare mijin, shi kuwa bokan dutse mai daraja yake kwaɗayi. Duk uwar mijin da ta kalle shi ta ga inda kai ƙara wurin boka ke kai gida. Na uku Under the Shadow na 2016, da harshen Farisanci. Uwa ce da 'yarta a birnin Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988, an tura miji bakin daga, maƙwabta suna ta ƙaura, har ta kasa bambance aljani da firgicin kaɗaici. Matar da ta taɓa kwana ita kaɗai da yara tana sauraron motsin dare a wannan yanki namu, ba sai an fassara mata ba.

Ko waɗannan ɗin ma da sharaɗi. Na Indiya ba sa rasa raye-raye da al'adun bautarsu, sai a riƙa wucewa. Kada a kunna kafin a yi isha'i, kada kuma a kai daren da zai cinye asuba. Yara su kwanta tukuna, domin yaron da ya ga irin wannan yakan yi makonni ba ya iya fita kewaye shi kaɗai. Mai juna biyu da mai hawan jini a ƙyale su. Kada wata ta laɓe bayan ƙofa don ta razana 'yar uwarta, hadisi ya hana tsorata Musulmi ko da wasa. Wadda za ta koma gida kuwa a tanadi mai raka ta.

Kafin a watse, a tambayi juna: wa aka zalunta a labarin nan, kuma akwai irinta a unguwarmu? Sannan kowa ta karanta Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, ta tofa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu ta shafe jikinta, ta kwanta da sanin babu mai cutarwa sai da izinin Allah. Gobe da safe kuma, 'yar uwa, idan za ki aiki yaro sayen ƙosai, ki aike shi wurin tsohuwar da kowa ke gudu.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu daga sharrin mutum da aljan, Ya kuma tsare bayinSa daga sharrin harsunanmu, amin.