Labarin Dillalin Wudil Da Sukari

Garin Wudil yana bakin kogi, kimanin kilomita 40 daga birnin Kano, a kan babbar hanyar da ta nufi Maiduguri. Abin da ya fi fitar da sunansa shi ne kasuwar shanu wadda ke ci ran Juma'a, inda fatake ke taruwa daga nesa, a yi ta loda shanu cikin manyan motoci zuwa Kudu. Inda duk kasuwa ta cika kuwa, ba a rasa zaƙi. Ga masu rake da damunansu, ga masu mazarƙwaila, ga 'yan mata da farantan alewa da gullisuwa, ga lemon kwalba cikin ƙanƙara, ga kuma teburin mai shayi, wanda ba ya tashi tun daga asuba har bayan lisha.

Cikin masu zaman irin wannan tebur akwai wani Alhaji, dillalin shanu, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Ba a ƙulla ciniki a wurinsa sai da shayi, in ciniki ya faɗa kuma a sake wani. Kowane kofi sai an zuba masa sukari cokali 4 bayan madara, ya kuwa kan sha kofi 6 a wuni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da baligi zai sha a wuni ya wuce misalin giram 50, watau cokalin shayi 12, in da hali ma a tsaya a rabin haka. To, ashe shayi kaɗai ya ninka wa Alhaji wannan awo, tun ba a lissafa lemon kwalba ba, alhali kuwa kwalbar kola ɗaya ta santilita 35 ta kan ɗauki wajen cokali 9.

Ba haka kakanninsa suka san zaƙi ba. A zamaninsu sai an hau itace an sha harbi kafin a sami zuma, sai kaka ta yi kafin a sha takanɗa, sai an tara ɗinya an dafa kafin a sami maɗi, dabino kuwa sai ayarin Azbin ya sauka. Ko mazarƙwailar ƙasar Maƙarfi sai doki ya yini yana zagaya injin matse rake. Zaƙi baƙo ne da ke zuwa da lokacinsa, ya koma. Amma tun da sukarin kanti ya shigo, aka kuma fara yinsa a Bacita a 1964, daga baya a Numan, sai baƙon nan ya zama ɗan gida. Har a 2022 gwamnatin Nijeriya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, amma wanda ya saba bai ko ji a jikinsa ba.

Da fari ƙibar Alhaji abin yabo ce. Mutane su kan ce jiki magayi, arziki ya zauna. Sannu a hankali har sikeli ya nuna ya haura buhun masara da kusan rabi. Ciwon sukari ya kama shi, hawan jini ya biyo, gwiwoyi suka ƙi ɗaukarsa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya koma salla a kan kujera a ƙarshen sahu, shi da bai cika shekara 50 ba, ga tsofaffi sa'o'in ubansa suna sujada a gabansa. Bayan an yi ta magani da ƙa'idar abinci shekara da shekaru ba a dace ba, likitoci suka ba shi shawarar a yi masa aikin rage tumbi. Ya sayar da bijimai, ya tafi Masar aka yi.

Aikin nan ba sabon abu ba ne. Wani likita a Amurka, Edward Mason, ya lura masu gyambon ciki da aka yanke wa wani sashi na tumbi su kan rame, sai a 1966 ya fara yin aikin musamman don masu ƙiba. Iri biyu aka fi yi. A ɗaya a kan yanke kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a fitar, a bar shi siriri kamar ayaba. A ɗayan kuma, wanda aka yi wa Alhaji, a kan keɓe ɗan aljihu kamar girman ƙwai a saman tumbi, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta ya ga yadda tumbi ke da ƙofa matsattsiya inda ya haɗu da hanji. Na ɗan Adam ma haka yake, aikin ƙofar kuwa shi ne ta riƙa sakin abinci kaɗan kaɗan. Bayan wannan aiki abinci ba ya sake bi ta ƙofar nan. Abin da aka haɗiya, nan da nan ya faɗa hanji ba mai tsaron ƙofa.

Watanni na fari sai murna. Daga ruwa-ruwa ya koma abinci mai laushi, yunwa ta ɗauke, nauyi ya yi ta zuba, likita ya rage masa magungunan sukari. Sai Alhaji ya ɗauka an yanke kwaɗayi tare da tumbi.

Ran nan aka yi bikin 'yar ƙanwarsa, aka kawo gara, alkaki da nakiya da dubulan fal cikin kwalla. Ƙanwar ta tsuguna ta ce, "Yaya, ko ɗan guda ka taɓa, don albarka." Ya ci alkaki biyu, ya kora da lemo mai sanyi. Ba a yi minti 20 ba sai gumi ya keto masa, zuciya ta shiga dukan tara-tara, ciki ya murɗa, jiri ya kwashe shi, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Mata suka fara salati, wasu har suna raɗa cewa an yi masa sammu a cikin abincin.

Ba sammu ba ne, likitoci sun san abin sarai. In zaƙi mai kauri ya faɗa hanji a lokaci guda, sai ya jawo ruwa daga jini zuwa cikin hanji, shi ne ke kawo murɗa da zawo da jiri, tsakanin minti 10 da 30 bayan ci. Akwai kuma na biyu, wanda ya fi wayo, domin shi sai bayan sa'a 1 zuwa 3 ya ke zuwa. Sukari ya kan shiga jini da gudu, jiki ya firgita ya sako sinadarin da ake kira insulin fiye da kima, sa'an nan sukarin jini ya faɗi ƙasa warwas. Mutum ya ji rawar jiki da gumi da wata irin yunwa, ba abin da ransa ke so sai zaƙi. In ya sake cika ciki da shi, sai a koma gidan jiya. Watau zaƙin hantsi shi ke aiko kwaɗayin azahar. Abin da likita ya gaya wa Alhaji shi ne, in rawar jikin ta zo ya sha ɗan zaƙi kaɗan don ta lafa, ya bi shi da ƙwai ko gyaɗa, sa'an nan ya tuna abin da ya ci ɗazu, don shi ne mai laifin.

Tsoron abin da ya faru a zaure ya tsare shi wata biyu. Amma tsoro ba ya daɗewa, kuma jiki ya kan saba, har mutum ya gane in ya kurɓa kaɗan kaɗan ba abin da zai same shi. Nan ne haɗarin ya ke. Ɗan aljihun nan ya kan hana malmalar tuwo wucewa, amma ba ya hana shayi, ko fura mai sukari, ko zoɓo, ko kunun gyaɗa. Ta wannan hanya masu yawa suka mai da ƙibar da suka sayar da dukiya don su rabu da ita.

Uwargidansa ce ta fara gano bakin zaren. Ta ce, "Alhaji, ai kwaɗayin nan naka yana da agogo. Ba ka neman zaƙi sai ran da ka fita ba ka karya ba, ko in la'asar ta yi, ko in ciniki ya ɓaci." Ya yi shiru, don ya san gaskiya ta faɗa. Tun daga ran nan ba ya fita sai ya ci dafaffen ƙwai ko alala. Ta kan ƙulla masa gyaɗa da 'yar awara ya sa a aljihu, don kada tsakanin ci da ci ya wuce sa'a 3 ko 4. In an zauna cin abinci ya kan fara da kifi ko nama marar kitse ko wake, sa'an nan kwaɗon zogale, tuwo ya zo ƙarshe in da sauran wuri. Ba ya shan ruwa a kan abinci sai an yi rabin sa'a, don ruwa ya kan tura abinci hanji da sauri. A sauran wuni kuwa gorar ruwa ba ta rabuwa da shi, domin sau da yawa abin da mutum ya ɗauka kwaɗayi ne, ƙishirwa ce. Lemon zaƙi da gwaba ya kan ci su da tsokarsu, ba ya yarda a matse masa. Ya kuma lura in kwaɗayi ya taso, ya tashi ya zaga turken shanu ko ya yi alwala, kafin ya dawo abin ya yi sanyi.

Teburin mai shayi ne ya fi wuya, gama sabo turken wawa, kuma dillalin da ya bar tebur ya bar labarin kasuwa. Bai bar shi ba. Ya dai ce da mai shayi ya riƙa dafa masa nasa daban, da citta da kanumfari da na'ana'a, ba sukari. Makon farko ya ce kamar ruwan sabara ya ke sha. Bayan wata guda harshe ya juya, har ran da yaron mai shayi ya yi kuskure ya miƙa masa kofin wani, kurɓa ɗaya ya ajiye, ya ce zaƙin ya hau masa kai.

Masu ba da shawara ba su ƙare ba. Wani abokinsa ya kawo masa kwalbar zuma ya ce, "Alhaji, wannan ai magani ce, ba irin sukarin Bature ba." Wani ya ce mazarƙwaila ba ta da illa tun da ba a wanke ta ba. Darajar zuma ba a musunta, amma hanji bai san asali ba. Zuma da mazarƙwaila da ruwan rake duk sukari ne a wurinsa, Hukumar Lafiya ma ta lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itace cikin awon nan na cokali 12. Wasu kuma da suka ga ya rame suka shiga yi masa sannu, ana cewa ko karayar arziki ce, ko wata cuta ce ya ke ɓoyewa. Wannan ya fi alkaki ciwo. Daga baya ya daina ɓoyo, in an kawo masa abin zaƙi a gidan mutane ya kan sa albarka, ya ce, "Likita ya hana, a ba yara rabona." Ba wanda ya taɓa jin haushi.

Ba a nan hidimar ta tsaya ba. Wanda aka yi wa wannan aiki jikinsa ba ya tsotsar ƙarfen jini da bitamin B12 da sinadarin ƙashi yadda ya kamata, saboda haka sai ya riƙa shan ƙwayoyinsu muddin rai, ana kuma auna jininsa a kai a kai. Alhaji ya kan shiga Kano don wannan, ya kuwa fi ƙorafin kuɗin ƙwayoyin a kan kuɗin bijiman da ya sayar.

Azumin farko bayan aikin likita ya hana shi, ya tambayi malaminsa, malam ya ce marar lafiya yana da rangwame, ya rama in ya warke. Na biyu ya ɗauka da iznin likita. In an kira magariba ya kan buɗa baki da dabino ɗaya da kurɓin ruwa, ya tafi masallaci, inda ya koma sujada da goshinsa a sahun gaba. Sai ya dawo ya ci ƙwai ko kifi a hankali, ya raba sauran abincin kashi uku tsakanin lisha da sahur. Kunun tsamiya a kan ɗebar masa nasa a ƙaramin kofi tun ba a zuba sukari ba, jikokinsa kuwa sun gane kofin, ba mai taɓa shi.