Mount Holyoke: Kwalejin da Kararrawa ke Ba da Hutu

Uwargida, idan diyarki ta ƙwallafa rai a kan karatu a Amurka, ki san ba manyan jami'o'i kaɗai ke can ba. A ɗan garin South Hadley, jihar Masacuset, akwai kwalejin mata ta Mount Holyoke, wadda Mary Lyon ta kafa a 1837. Ɗalibanta ba su wuce 2,000 da ɗoriya ba, cikin tsofaffin gine-ginen jan bulo da tafkuna biyu.

Ƙanƙantar ita ce ribar. 'Yar ajin farko tana shiga ƙaramin aji inda malami ya san sunanta, in ta yi fashi ya lura. Ba a matsa mata ta zaɓi fanni sai shekara ta biyu. Za ta ɗanɗana kimiyya, tarihi da harsuna tukuna. Wata safiya da kaka, kararrawa takan kaɗa ba zato, a soke darussa, kowa ya hau dutse.

Amma fa akwai jan aiki. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar, ga ƙanƙara, ga kewar gida. Kuɗin shekara ya haura dala 80,000, don haka ki fara da neman tallafin karatu. Kada kuma sunan ya ruɗe ki: akwai malamai maza, kuma samari daga Amherst suna zuwa ɗaukar darasi.

Kafin ki amince, ki tambayi abincin halal da wurin sallar Juma'a, da wanda zai riƙe ta lokacin hutu.